Ban yi mata ƙarya ba, amma ba ni da gaskiya

Shekaranjiya bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida nan Shara Mansur ana shan shayi ana hira, sai ɗan yayata, yaro ne ɗan shekara 13 haihuwar nan Makka, irin yaran nan namu da Hausarsu rabi Larabci ce, ya juyo yace min "Kawu, wai gaskiya me ake ce mata da Larabci?" Nace sidƙu mana, ba a koya muku a makaranta ba? Yace toh ai ɗazu da kuke musu da Baffa daga ƙarshe ka ce masa "kana da gaskiya", wannan kuma ai ma'ak hagg ne, ba sidƙu ba. Nace eh haka ne. Bai barni na huta ba ya ƙara da cewa kuma ranar nan ya ji Inna tana cewa kar a bar wane shi kaɗai a ɗaki don ba shi da gaskiya, alhali mutumin ko baki bai buɗe ba balle a ce ya yi ƙarya, wannan kuma da Balarabe ne cewa zai yi ma hu amin.

Wallahi yaron nan ya ɗaure ni. Kalma ɗaya muke da ita, amma in za mu kai ta Larabci sai mun raba ta gida uku, sidƙu da haƙƙu da amana. Kowa ya ci gaba da hirarsa, ni kuwa tun daren nan abun yake min yawo a kai, saboda ya taɓo min wani tsohon miki da na daɗe ban yi maganarsa da kowa ba in banda Inna da malamina.

Mu da muka tashi tsakanin harsuna biyu akwai abubuwan da muke ji a kunne waɗanda na gida Najeriya ko Nijar ba lallai su lura da su ba. Ɗauki hagg ɗin nan. A Alƙur'ani Alhaƙƙu sunan Allah ne, kuma shine abun da Manzon Allah SAW ya riƙa karantawa ranar buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira yana zungurar gumaka 360 ɗin da ke kewaye da Ka'aba da sanda suna faɗuwa, ja'al haƙƙu wa zahaƙal baɗil, gaskiya ta zo ƙarya ta gushe, aya ta 81 a suratul Isra'i. Amma fita titi a Makka ko Jidda ka ji yara suna faɗa a kan ƙwallo, ɗaya zai ce haggi, wato tawa ce, ɗayan yace la, mu haggak, ba taka ba ce. Hagg min hada? na waye wannan? Mutanen Sudan ma haka suke faɗa, Inna da aka haifa a Mai Wurno har yau haggi haggak ɗin can ne a bakinta. Kalmar da ake kiran gaskiya da ita, ita ce dai kalmar da ake cewa abun wane ne. Da ina yaro ban ɗauke shi komai ba, sai da na girma na gane ashe tun a harshe an nuna mana cewa gaskiya tana da mai ita, kamar yadda takalmi a ƙofar masallaci yake da mai shi, in ka hana mutum ita ka riƙe masa kayansa ne.

Kuma kakanninmu da suka aro kalmar sun fahimci haka sarai, don ba sau ɗaya suka ɗauko ta ba. Sun ɗauko haƙiƙa, wato ainihin yadda abu yake ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Sun ɗauko haƙƙi, haƙƙin maƙwabci, haƙƙin iyaye, a biya lebura haƙƙinsa. Sannan sun ɗauko ta da alif da lam ɗinta gaba ɗaya suka ce alhaki, suka mai da ita sunan nauyin da ke hawa wuyanka in ka danne na wani. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ni dai ban taɓa jin Balarabe ya yi amfani da alhagg ta wannan fuskar kai tsaye kamar yadda muke yi ba, wannan aikin Bahaushe ne, kuma ina ganin hikima ce babba.

Sidƙu kuwa ita ce gaskiyar baki, abun da ka faɗa ya dace da abun da yake. Ita ma danginta sun cika Hausa ba mu ma lura. Sadaka daga nan take, malamai suna cewa an kira ta haka ne saboda tana gaskata imanin mai bayarwa, don baki kowa zai iya cewa ya yarda da lahira amma ciro kuɗi daga aljihu shine shaida. Sadaki ma daga nan yake, abun da namiji zai ajiye a san da gaske yake ba wasa ya zo yi da 'yar mutane ba. Aboki a Larabci sadig, mai yi maka gaskiya. Sayyadina Abubakar ya zama Siddiƙu saboda ranar da Ƙuraishawa suka zo masa da labarin Isra'i suna jiran ya ja da baya, cewa ya yi in dai shi ya faɗa to gaskiya ne. Amana kuma ita da imani da aminci da amini da mumini duk tushe ɗaya ne, kuma ka duba yadda Bahaushe ya fassara imani, cewa ya yi ba da gaskiya. Na ba da gaskiya da Allah. Alƙali ma in ya yanke hukunci cewa ake an ba wane gaskiya. Abu ne da ake bayarwa, ake riƙewa, ake hanawa, ake dannewa.

Toh bari in zo kan abun da ya sa na zauna rubutun nan.

Hajjin 2019 ne, wanda ya faɗo cikin watan Agusta, zafi kamar a gasa mutum. Lokacin ina ɗan taɓa aikin da yawancin samarinmu suka sani, in alhazai sun sauko daga Mina sun fara sayayyar tsaraba sai ka tsaya wajen masaukansu a unguwar Misfala, ka raka su shaguna, ka yi musu tafinta, mai shago ya ba ka naka a kan duk abun da aka saya. Ba haramun ba ne in an yi shi tsakani da Allah, alhaji ya huta da yawo, mai shago ya samu ciniki, kai ma ka samu na cefane. Jallabiya, darduma, tasbaha, turare, agogo, dabino, duk muna kaiwa. Kuma alhazanmu suna ganinka baƙi ɗan'uwansu ka yi musu sallama da Hausa shikenan sun saki jiki, wani ma jakar kuɗin zai miƙo maka yace ɗan nan ƙirga min ban gane kuɗin nan nasu ba.

Wata rana da la'asar wata tsohuwa ta tare ni a bakin masauki. Ƙaramar mace ce, ta manyanta sosai, da hijabin alhazan jiharsu da jakar nan ta wuya da suke ratayawa, leɓenta duk ya bushe. Tace "ɗan nan, kai ne aka ce kana jin yarensu?" Nace ni ne Hajiya. Tace daga wani ƙauye take wajen Gumel, maigidanta ne ya sayar da shanu ya biya mata kujera shi ya zauna saboda ba shi da lafiya, shekara biyu kenan yana kwance an yi na asibiti an yi na gida, kuma malamin garinsu yace in ta zo ta nemo masa dabinon ajwa. Da suka je Madina kafin aikin hajji ita ma zazzaɓi ya kwantar da ita bata samu fita ba, yanzu kuma an ce jirginsu ya kusa. Tace "ajwa nake so, ta Annabi, wadda ake cin bakwai da safe." Hadisin ta sani, na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ke Bukhari da Muslim, wanda ya karya da ajwa bakwai guba da sihiri ba za su cutar da shi ba a ranar.

Na kai ta wani shago da nake kai mutane. Ajwarsa ta ƙare a ranar, ni na san ta ƙare don da safe na ji yana faɗa a waya. Abun da ke gabansa safawi ne. Ga wanda bai sani ba, duka biyun baƙaƙe ne kuma duka a Madina ake nomansu, amma ajwa 'yar ƙarama ce a dunƙule da wasu siraran layuka a jikinta, safawi kuwa ta fi tsawo ta fi sheƙi, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne ko kusa, ajwa ta ninka ta. Duk yaron da ya tashi a Makka ko a duhu aka sa masa a baki zai bambance. Ita kuwa bata taɓa ganin ko ɗaya ba.

Ta nuna kwalin tace "tambaye shi, wannan ce ajwar?" Na tambaye shi da Larabci. Ya kalle ni ya kalle ta yace "gul laha tamr al-Madina", ce mata dabinon Madina ne. Na juyo nace "Hajiya, yace na Madina ne." Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu, ta kai hanci, bata ci ba, tace "Allahu akbar, na garin Manzo." Sai ta sake kallona tace "mai kyau ne ko ɗan nan?" Nace "mai kyau ne Hajiya, sabo ne." Kuma sabon ne, mai kyau ne. Ya saka mata kuɗin ajwa, na taya ta ciniki har ya rage wani abu ta yi ta sa min albarka, ta kwance bakin zaninta ta ciro riyal a nannaɗe da ƙyauro ta biya kilo biyar. Na ɗaukar mata har ƙofar lifta. Tace Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka, ya jiƙan mahaifa. Na koma shago ya ba ni riyal 50.

A duk maganar da na yi da matar nan babu kalma ɗaya ta ƙarya. Na sha bin ta ɗaya bayan ɗaya a raina. Na Madina ne? Na Madina ne. Mai kyau ne? Mai kyau ne. Ban taɓa cewa ajwa ce ba. Da za a kai ni gaban alƙali a ba ni Alƙur'ani in rantse ban ce mata ajwa ba ce zan rantse kuma ba zan yi kaffara ba. Da wannan lissafin na taho gida.

Inna a lokacin tana tuwon sayarwa, duk hajji takan yi tuwon shinkafa da miyar kuka da ɗan wake ana kaiwa masaukan alhazai don da yawansu abincin nan baya musu. Na same ta a tsakar gida tana kankare tukunya. Ban san me ya sa na ba ta labarin ba, inaga dai abun ne ya tsaya min a wuya ina neman wanda zai ce min ba komai. Na faɗa mata har da ƙarin cewa ai ni ban yi ƙarya ba. Bata ɗago ba, ta ci gaba da kankararta, can tace "ita da ta tafi, me ta tafi da shi a ranta?" Nace ajwa. Tace "wa ya sa mata?" Na yi shiru. Bata kiran sunana, sai tace "kai wannan, ƙarya kam baka yi ba, amma baka da gaskiya. Ba mai shagon ta yarda da shi ba, bata san shi ba bata jin bakinsa, kai ta yarda da kai. Kunnenta ta ba ka aro ka je ka jiyo mata." Daga nan bata ƙara cewa komai ba, ta miƙo min tukunya tace in ɗauraye.

Kunnenta ta ba ka aro. Shekara nawa yanzu maganar nan bata bar ni ba. Tafinta ai amana ce tsantsa, mutum ya zama kurma a garin da ba a jin harshensa, ya ɗauko ka ya sa a madadin kunnensa da bakinsa. Ni sai na tsaya ina auna kalmomina a ma'aunin sidƙu, na bar ma'aunin haƙƙi da na amana a gefe kamar ba su shafe ni ba. Larabci da ya raba su uku ya ba ni wajen laɓewa, na riƙe ɗaya na saki biyu. Hausar Inna kuwa bata raba ba, ita a wajenta gaskiya ɗaya ce, ko kana da ita ko baka da ita.

Shi ya sa nake ganin kalmar nan tamu ta fi yadda muke ɗaukarta nauyi. Bahaushe in yace wane mai gaskiya ne ba wai baya ƙarya kawai yake nufi ba, nufinsa za ka iya bar masa shago ka tafi masallaci, za ka iya ba shi saƙon kuɗi zuwa Kano ba tare da ka rubuta ba, in ya auna maka hatsi ba sai ka sake aunawa ba. In yace wane ba shi da gaskiya to ɓarawo ma ya shiga, mai tauye mudu ya shiga, mai leƙen gidan mutane ya shiga. Mara gaskiya ko a ruwa gumi yake, ai ba maƙaryaci kaɗai ake nufi ba. Ni ma a daren nan na yi gumin, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana aiki amma barci ya ƙi zuwa.

Da asuba na samu malaminmu da muke karatu wajensa a masallacin unguwa, dattijo ne da ya yi karatu a Darul Hadis nan Makka. Na so in fake da tauriyya, wato ka faɗi magana mai fuska biyu kana nufin ɗaya mai ji ya ɗauki ɗaya, don na taɓa ji a karatu cewa akwai inda aka yarda da ita. Yace akwai, amma inda za ka kare kanka ko wani daga zalunci, ko ka kauce wa abun da zai ɓata tsakanin mutane, ba inda za a ci dukiyar wani da ita ba, in ta kai ga cin haƙƙi to ita da ƙarya hukuncinsu ɗaya. Sai ya karanto min hadisin Hakimu ɗan Hizam, mai saye da mai sayarwa suna da zaɓi matuƙar basu rabu ba, in sun yi gaskiya sun bayyana a sa musu albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya a shafe albarkar. Yace ka lura kalma biyu aka haɗa, sadaƙa wa bayyana, ba a tsaya a gaskiyar baki ba sai da aka ce a bayyana, kuma a ɗaya ɓangaren ɓoyewa aka jera da ƙarya kafaɗa da kafaɗa. Ya ƙara min da na mai hatsin nan da ke Muslim, da Manzon Allah SAW ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, mai shi yace ruwan sama ne ya taɓa shi, yace me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Malam yace mai hatsin nan ma ai ba a ce ya yi ƙarya ba, da aka tambaye shi gaskiya ya faɗa, jiƙaƙƙen kawai ya tura ƙasa. Algus ɗin da muke faɗa a Hausa ma ita ce alghish ɗin hadisin.

Abun da ya fi ƙona min rai shine a wane gari nayi wannan. Garin da tun kafin annabci ake kiran Manzon Allah Al'amin, har da aka sake ginin Ka'aba yana ɗan shekara 35 ƙabilu suka kusa zubar da jini kan wa zai ɗora Hajarul Aswad, da suka ga shine ya fara shigowa suka ce ga Al'amin mun yarda. Dutsen Safa da nake wucewa kullum, a kansa ya tsaya yace in na ce muku akwai mahaya a bayan dutsen nan za su auka muku za ku gaskata ni, suka ce bamu taɓa jin ƙarya daga gare ka ba. Daren hijira ma, mutanen da suka kewaye gidansa da takubba, kayan ajiyar mutanen garin suna hannunsa, ya bar Sayyadina Ali a baya don ya mayar wa kowa nasa. Tsohuwar nan garin Al'amin ta zo, shi ya sa ma bata yi tunanin wani zai cuce ta a nan ba.

Malam yace in nemo ta. Ina idar da karatu na nufi Misfala. Na fara biyawa wani wajen na sayi ajwa ta gaske kilo biyu, iya abun da kuɗina ya kai kenan har da hamsin ɗin, niyyata in ba ta in faɗa mata abun da ya faru in nemi gafara, in ta yarda mu koma shagon tare. Na isa masaukin na tarar ana share ɗakuna, katifu a jingine a baranda, robobin zamzam da ba komai a ciki a zube. Mai gadi yace ai cikin dare motoci suka kwashe su zuwa Jidda. Ban san sunanta ba. Hajiya kawai na kira ta, ita kuma ɗan nan. Sunan ƙauyen ma ta faɗa amma ban riƙe ba don a lokacin hankalina yana kan kilo nawa za ta saya. Na samu wani ma'aikacin alhazan jihar da bai tafi ba na kwatanta masa ita, ya tausaya min amma yace ɗan'uwa tsofaffi mata gajeru daga wajen Gumel ai sun fi a ƙirga.

Na sa rai baɗi in mutanen yankin sun zo zan bi ɗaki ɗaki ina tambaya ko Allah zai sa a dace. Sai korona ta zo, 2020 da 2021 ba alhajin da ya shigo daga waje, Misfala ta zama kufai, ranar da ka bi titin Ibrahim Khalil ba ka jin Hausa ko ɗaya sai ka ji kamar ba Makka ba. Da aka buɗe a 2022 kuma aka ce sai wanda bai haura shekara 65 ba. Na tambaya dai, na kuma tambaya a shekarun da suka biyo, ba wanda ya gane ta.

Akwai abun da nake so in rarrabe, don na san wani zai ce toh ai mu Hausawa kullum a cikin rufa-rufa muke, mutum yana kwance rai a hannun Allah ka tambaye shi ya jiki yace da sauƙi, ka tarar da mutum yana cin abinci yace bismillah kace alhamdulillah na ƙoshi alhali yunwa kake ji. Mu mazauna nan ma mun san wayar nan da ake bugowa daga gida a ce jikin Baba ya ɗan matsa in da hali ka zo, kai kuma kana ajiye wayar ka san an riga an yi jana'iza. Ni ban ɗauki waɗannan rashin gaskiya ba. Mai faɗa da mai ji duk sun san abun da ake nufi, kunya ce da kara da tausayi, ba wanda aka raba da sisinsa, ba wanda ya tafi da wani abu a ransa da zai cutar da shi. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba ma ya ce mai sulhunta mutane ya faɗi alheri ba maƙaryaci ba ne. Haka kuma ban yarda da masu cewa "ni dai gaskiya nake faɗa komai ɗacinta" su tona wa mutum asiri a tsakiyar taro ba, yanzu ma abun ya koma Facebook da TikTok, a ɗauko aibin mutum na gaske a baza a duniya a ce ai gaskiya ce. In aibin yana tare da shi ai sunanta giba, haka hadisi ya faɗa, in babu ne ta zama ƙage. Magana tana iya zama sidƙu tsantsa mai faɗinta kuma ya kwashi alhaki. Wancan mai da sauƙi bai faɗi yadda abun yake ba amma bai ci haƙƙin kowa ba, ni na faɗi yadda abun yake kalma da kalma na ci haƙƙin tsohuwa.

Kuma dubi yadda muka mai da kalmar abun cika baki. Gaskiya na gaji, gaskiya abincin nan ya yi daɗi, gaskiya ni ban sani ba. A kasuwa kuma "faɗi gaskiyarsa", wato kuɗin farko da aka faɗa maka ba shi ne ba, kamar yadda Larabawan nan ke cewa akhir kalam, wato maganar ƙarshe. Wallahi kuwa ba a magana, a Makka kafin ka sayi silifas an rantse maka sau biyar, alhali an gaya mana rantsuwa tana sayar da kaya tana kuma shafe albarka. Kakana na wajen uba, wanda ya taho nan a ƙasa ta Chadi da Junaina da Fashir na Sudan yana tsayawa yana noman auduga a Jazira har ya tara na jirgin ruwa daga Sawakin, yakan ba mu labarin jaridar nan ta Zariya da aka fara a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Abubakar Imam yake editanta, yace kwabo ake sayenta, mai karatu ɗaya ya karanta mutum goma suna saurare. Sunan kawai yake maimaita mana in ya ga muna musu a kan kuɗi. Lokacin dariya muke don bamu ma san kwabo ba. Riyal 50 nawa ne a kwabo ban lissafa ba, amma a ranar nan dai ni na fifita su.

Ajwar nan kilo biyu Malam yace tunda an rasa mai ita in yi sadaka da niyyar ladan ya je mata, in kuma lissafa bambancin kuɗin da aka zalunce ta in fitar a hankali, in Allah ya haɗa mu wata rana in faɗa mata, in ta amince da sadakar shikenan in bata amince ba in biya ta. Na raba dabinon a harami bayan magariba, sauran kuɗin na ɗauki wata huɗu ina cirewa. Shagon ban sake kai kowa ba. Na je na same shi na faɗa masa dalili, ya ɗaga kafaɗa yace ana ma kazabt, ni ban yi ƙarya ba. Ban iya ce masa komai ba don jiya-jiya nima abun da na faɗa wa Inna kenan.

Abun da sadaka bata ɗauke min ba shine tsohon nan. Ina yawan ganinsa a raina, yana kwance a ɗakin ƙasa, matarsa ta dawo daga Makka ta buɗe kwali ta ƙirga masa bakwai da safe, ya ci da bismillah yana sa rai. Ina roƙon Allah ya duba niyyarsu ya sa masa waraka a cikin abun da ya ci, don shi Allah ba sunan dabino yake dubawa ba. Amma wannan tsakaninsu da Ubangijinsu ne, bai wanke ni ba. In ya warke alhamdulillah. In kuma ya riga mu gidan gaskiya, toh can ɗin ba a tafinta.

Har yanzu ina raka alhazai, sai dai yanzu in mai shago ya ce gul laha kaza, nakan juyo in ce Hajiya ga abun da yace, ga kuma abun da ni na sani. Wasu shagunan sun daina kirana, wasu kuma sun fi son haka. Ɗan yayata kuwa da ya ga na yi shiru a daren nan ya sake taɓo ni yace "Kawu baka ba ni amsa ba, wacce ce a ciki?" Nace duka ukun ne, in ka ga an ba ka ɗaya an riƙe biyu ka ƙara tambaya. Yace bai gane ba. Nace gobe in Allah ya kai mu ka raka ni kasuwar Ka'akiyya, akwai dabino iri biyu da nake so in nuna maka.

In akwai wanda ya karanta wannan daga wajen Gumel, ya san wata hajiya da ta yi aikin hajji a 2019, gajeriya, mijinta ya sayar da shanu ya biya mata shi yana kwance ba lafiya, ta koma da kwalin dabino kilo biyar tana cewa ajwa ce wani yaro Bahaushe ya taya ta saya a Makka, dan Allah ya taimaka ya haɗa ni da ita ko da 'ya'yanta.